Shahon Hawa na Bakwai

Buta na manta a wurin da nake sayar da shayi, ita na koma ɗaukowa gab da magariba. Ba nisa daga gidanmu na unguwar Shajara zuwa bakin titi. Ina isa na ga rakshar mijina Ilyasu, babur ɗinsa mai ƙafa uku, a gindin dogon benen da ke kallon teburina. Makulli na jiki, shi babu. Na san abin da ya kawo shi.

Benen hawa tara ne. Ya ƙone lokacin yaƙi, har yau ba wanda ya zo ya ce nasa ne. A hawa na bakwai akwai ramin da bom ya huda a bango, nan wasu shaho biyu suka tare. Tun da muka dawo daga Omdurman, inda muka yi gudun hijira, su nake kallo daga safe zuwa yamma. Macen ta fi namijin girma, ta kuma fi shi masifa, abin da ya sa na ji ta kwanta mini. Wata guda tana kwanci. Daga baya ƴaƴa uku suka fara leƙowa, farare sol kamar audugar da iyayenmu suka tsinka a Jazira.

Namijin ke farauta. Sai ya hau sama har ya zama ɗigo, ya naɗe fikafikai ya sulmiyo. Ƙas! Tattabara ta fashe a iska, gashinta na sauka cikin kofunan mutane. Masu shan jabana, gahawar nan tamu, su yi ta tafi kamar a gidan kallon ƙwallo.

Ilyasu bai taɓa tafawa ba, don tattabarunsa ake ci. Ranar da muka gudu, goma sha biyu ya tsallaka gada da su a kwando ana ruwan harsashi, ya bar mini katifata a baya, abin da har gobe ban yafe ba. Goma sha biyun ya dawo da su. Cikin wata biyu shaho ya mayar da su huɗu.

Da ya ce zai hau ya gama da sheƙar, mahaifiyarsa Hajja Zakiyya ta riƙe masa hannu.

"Ya waladi, ɗana, gidan da ya kwana arba'in babu ɗan Adam ya yi wasu masu shi. Ko ƙadangare ba a kashewa a ciki. Sai ka tsaya a ƙofa da magariba, ka yi sallama, ka ce su tashi. Kwana uku a jere. Abin da ka tarar bayan nan dabba ce, jininta halal."

Ya yi kwana biyu yana yi, yana gunaguni. Safiyar rana ta uku shaho ya ɗauke farar tattabararsa Arusa a kan idonsa. Da rana bai ci abinci ba. Saura gargaɗi ɗaya tak, mutumin nan ya kasa haƙuri.

Na tsaya a ƙofar benen na yi sallama. Na maimaita. Na shiga da ƙafar dama.

Ciki warin ƙuna da kashin jemage. Gilasai na ƙara ƙarƙashin silifas ɗina. A hawa na biyu na kira shi a hankali, da sunan ƴarmu kamar yadda na saba.

"Abu Hala?"

Na ci gaba da hawa.

A hawa na huɗu na fara taka ƙasusuwa. Ƙafafun tattabaru ne, wasu da zoben roba irin wanda yake sa wa nasa. Kawunansu an jere su a gefen matakala, ɗaya bayan ɗaya, duk suna kallon sama. Tsuntsu ba ya jera abu haka.

A na biyar warin ƙuna ya ɗauke. Sai ƙamshin turaren wuta, irin na ɗakin mai jego. Ƙarƙashinsa ƙarnin jini.

A na shida na ji kukan jariri. Siriri, a shaƙe. Na ji kuma wani sauti, fit, fit, fit, kamar ana figar kaza.

Na hau na bakwai.

Ilyasu na kwance rigingine, rodin ƙarfe a gefensa. Ƴan shaho biyu na ƙasa, ya farfasa musu kai, farin gashinsu ya rine. A kan ƙirjinsa wata mata ce a tsugune. Tobinta, dogon mayafin da ta naɗe jiki da shi, ruwan toka. Baƙin zane ya sauko mata daga ido zuwa haɓa, kowane kunci. Ƙafafunta rawaya ne, yatsun dogaye, faratan sun nutse a haƙarƙarinsa.

Figarsa take yi. Ta damƙi gemunsa ta fizge, ta watsar. Ta damƙi sumarsa ta fizge da fata. Bakinsa a buɗe, amma ko nishi ba ya fita.

Na ce, "Salamu alaikum."

Jikinta bai motsa ba. Kanta kaɗai ya juyo, har haɓarta ta hau bayanta. Idanun baƙaƙe ƙirin, babu fari.

"Ke kin yi sallama," ta ce. Muryar ƙasa-ƙasa, kamar ana goga wuƙa. "Shi bai cika uku ba."

"Ya Hajja, ki dubi Allah. Uban ƴata ne."

"Daren nan za mu tashi. Mun ɗaure kaya."

Na yi taku ɗaya. Iska ta yi fito ta ramin bango, wani abu ya doke ni a ƙeya. Na kifa. Gyalena ya tafi, jini mai ɗumi ya gangaro mini cikin kunne. Namijin ne. Ya fita ya juyo, ya sake zuwa. Na kare da hannu, ya tsarge mini shi daga gwiwa zuwa wuyan hannu.

Ina kwance a ƙasa na ga mai kukan. Na ukun ne. Ya gudu daga rodin ya zame ta bakin ramin, ƙafarsa ɗaya ta maƙale a wayar ƙarfe, yana lilo a kan titi. Uwar ba ta iya kai masa sai ta saki Ilyasu, ita kuwa ba ta da niyyar saki.

Na ja ciki. Na miƙa rabin jikina waje. Can ƙasa na hango teburina ƙanƙani. Na kamo shi. Ya cije ni, ya kafa mini farce a tafin hannu, ban saki ba. Na warware wayar, na jawo shi ciki, na ajiye a gabanta.

Ta daɗe tana kallona.

"Ɗaya kin fanshe," ta ce. "Ran mijinki naki ne."

Na fara godiya.

"Biyu kuwa ya kashe."

Ta sunkuya kan fuskarsa. Sau biyu kanta ya sauka, cak, cak. Sai a lokacin muryarsa ta dawo. Ban taɓa jin namiji ya yi ihu irin wannan ba, ba na kuma fatan in sake ji.

Na kama shi ta kwala na ja. Bakwai, shida, biyar. Muna faɗuwa muna tashi. Fikafikai na dukan bango a bayanmu. A na uku wani abu ya shafi wuyana, sanyi ƙalau. Ban waiga ba. Muna faɗowa titi ladan na cewa Allahu Akbar, komai ya tsaya cak.

Masu zuwa masallaci suka kai mu asibiti. Likita ya ce shaho mai ƴaƴa yakan yi haka. Na ce masa to. Ni ɗinki ashirin da uku aka yi mini. Ilyasu ya rayu, amma idanun biyu babu abin da za a ɗinka.

Washegari ramin ya zama wayam, manyan sun tafi. Hajja Zakiyya ta buɗe wa sauran tattabarun ƙofa, ba ta shawarci kowa ba. Ni kuma na kwashe teburina na koma bakin tashar bas, inda ba a hango benen.

Yanzu kullum da safe nake riƙo hannunsa zuwa wurin shayi, in zaunar da shi a inuwa. Ya yi sanyi, ba ya faɗa da kowa, ni ce ma nake kewar faɗan. Sati shida bayan abin, wani matashin shaho ya sauka a kan wayar lantarki daidai saman kujerarsa. Ƙafarsa ɗaya a karkace take. Ba ya farauta a nan, ba ya kuka. Zama kawai yake yi, kansa a sunkuye, har mu tashi.

Ilyasu yakan ɗaga fuska ya ce, "Ni'mat, kamar ana kallona."

In ce masa, "Babu kowa, Abu Hala. Sha shayinka."