Abin da Baffa Bara'u Ya Fassara

A ranar zaman makokin ubanta aka fito da Amal Lawal daga gidan kakarta a Erdington, can ƙasar Turawa, tana 'yar shekara tara, takalminta a hannu. Laifinta kalma ɗaya ce. Ƙanin ubanta, Baffa Bara'u, ya tura ta gaban Hajiya Zinatu ya ce ta ce "Sannu, Kaka." Yarinya ta fashe da kuka ta ƙi. Uwarta Rozana 'yar Birazil ce, kuma a harshensu "kaka" ƙazantar jarirai ce, ba a faɗa wa babba. Rozana ta yi wannan bayani da Turanci tana hawaye. Hajiya ba ta jin Turanci, sai Bara'u, wanda tun farko ya tsani auren, ya juya ya ce, "Hajiya, cewa take ke ƙazanta ce." Kai, wasu mutane ko gawar ɗan'uwansu ba sa jin kunya!

Daga nan duniya ta juya musu baya. Gidan hayarsu na unguwar Levenshulme ya gagare su, dangi suka toshe waya, uwa da 'ya suka koma Birazil ba ko bankwana. Rozana ta yi ta goge-goge a gidajen masu hali har ciwon ƙirji ya ɗauke ta... Amal ta yi karatu da yunwa, ta riƙe Hausar ubanta da ƙyar, ta zama mai kare 'ya'yan mata masu aikatau. Tana da shekara ashirin da shida talakawa suka zaɓe ta majalisar jiha.

Sai ga bidiyon Bara'u a hannun abokan hamayya, ya sha babbar riga yana rantsuwa cewa Lawal bai haife ta ba, sunan ma sata ta yi. Aka kafa kwamitin bincike, kujerarta ta fara rawa. Kujerar ba ta dame ta ba kamar sunan, don shi kaɗai ubanta ya bar mata. Ta kwana tana kai ƙara wajen Allah, sannan ta hau jirgi zuwa Erdington.

Ta tarar da Hajiya a falo, dangi sun kewaye ta, Bara'u na hakimce.

"You can't just walk in here," in ji shi. "Fita ko in kira police."

Amal ba ta ko kalle shi ba. Ta durƙusa, ta gaya wa tsohuwa ma'anar kalmar da Hausa, ba tafinta. "Hajiya, kunyarki na ji ran nan. Mamana girmanki ta kare, shi ya juya maganar."

Hajiya ta daɗe tana kallon goshin Amal irin na Lawal. "Bara'u, haka ne?"

"Hajiya, it was years ago, kuma..."

"Da Hausa za ka amsa min."

Hajiya ta sa aka kunna waya ana ɗaukar ta bidiyo, ta gyara mayafi, ta ce, "Wannan Amal ce, 'yar Lawal ɗana. Wancan ma ɗana ne, amma maƙaryaci ne." A ranar aka kwashe kayan Bara'u daga gidan, kafin Juma'a ƙungiyar 'yan Arewa mazauna garin, wadda yake shugabanta, ta tuɓe shi, kwamitin Birazil kuma da ya ga bidiyon Hajiya ya watse da kunya.

A daren zuwan Amal, da dangi suka watse, Hajiya ta riƙo hannun jikarta tana kuka. "Kira min uwarki, in roƙe ta gafara da bakina."

"Ta rasu, Hajiya," in ji Amal. "Har ta cika tana tambayata ko kin huce."