Ranar da Ma'auni Ya Nuna Ja

Akwai wata yarinya a garin Gwaram, 'yar aji shida a firamare. Tana da ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Amma tana da rawar kai, kuma magana ba ta kwana a bakinta.

Idan aka tambayi 'yan aji me suke so su zama, wannan ya ce likita, wancan ya ce soja. Ita kuwa sai ta miƙe ta ce, "Ni irin Gwaggo Mairama zan zama."

Gwaggo Mairama ƙanwar babanta ce. A Birnin Kudu take aiki. Ba likita ba ce, ba ta yin allura. Aikin kula da jin daɗin jama'a ta karanta, daga baya ta ƙaro karatu a kan lafiyar al'umma. Yanzu ita ke jagorantar wani shiri na kula da yara masu tamowa, wato yaran da suka rame saboda jikinsu bai sami abinci mai gina jiki ba. Ita ke tsara ƙauyen da ma'aikata za su je, da ranar zuwa, da kayan da za su ɗauka.

Yarinyar har kwali ta yanka ta rataya a wuya, wai katin aikinta ke nan.

Wata rana Gwaggo ta zo gida hutu. Ta ciro wani siririn ma'auni daga jaka. Yana da launi uku: kore, rawaya da ja.

"A damtsen ƙaramin yaro ake naɗa shi," in ji Gwaggo. "Idan ya tsaya a kore, lafiya lau. Idan rawaya ne, a kula. Idan ja ne, sai asibiti, babu jira."

"Gwaggo, don Allah ki ba ni!"

"Ga wani tsoho nan, ɗauki. Amma ki saurara. Idan kin ga ja, kada ki ce wa kowa komai. Ki zo ki faɗa wa Ummanki, ita za ta kira ni."

"To, Gwaggo," in ji yarinyar. Amma bakinta ne kawai ya amsa. Hankalinta yana kan ma'auni.

Daga ranar babu wanda ya huta. Ta auna ƙaninta. Ta auna 'ya'yan maƙwabta. Har ƙafar akuya sai da ta auna. Yaran duk kore suka nuna. Maimakon ta yi murna, sai ta ji haushi-haushi. So take ta ga ja, don a san ita ma ta iya aiki.

Ana nan sai aka yi suna a unguwarsu. Mata suka cika gida, ana ta kai da kawo da kwanukan tuwo. Maƙwabciyarsu Inna Azumi ta zo da jikanta Ikrima. Ba a daɗe da yaye shi ba. Kamar yadda aka saba, da aka cire shi daga nono sai aka kawo shi wurin kakarsa. Inna Azumi tana ji da shi. Ba ta kiransa sai "angona".

Mahaifiyar yaron, Munawwara, ita ma ta zo sunan daga Dingaya. Matar ɗan Inna Azumi ce. Tana zaune can gefe cikin 'yan'uwanta mata.

Yarinyar ta ga Ikrima zaune a tabarma, ba ya wasa. Gashinsa ya yi ja-ja, wuyansa ya yi tsawo. Ta lallaɓa ta naɗa masa ma'auni.

Ja ne.

Ta manta da duk abin da Gwaggo ta faɗa. Ta miƙe tsaye a tsakar gida.

"Jama'a, ja ne! Ikrima yana da tamowa!"

Mata duk suka juyo. Ta ruga wurin Munawwara. "Anti, ɗanki yana da tamowa. Ba a ba shi abinci!"

Munawwara ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta kau da kai.

"Anti, ba ki ji ba ne? Ko ba ki damu da shi ba?"

Inna Azumi ta taso a hankali. Ta ɗauki Ikrima ta goya. 

"Ni Azumi?" ta ce. "Ni ce ba na ba jikana abinci? Na raini ubansa, na raini 'yan'uwan ubansa. Yau 'yar da aka haifa a gabana ce za ta tsaya cikin taro ta ce ina kashe yaro da yunwa?"

Ta fice, ko tuwon suna ba ta ci ba.

Da suka koma gida, Umma ta zaunar da yarinyar. Ranta a ɓace yake.

"Me Gwaggonki ta ce ki yi idan kin ga ja?"

"Ta ce in faɗa miki."

"Kin faɗa mini?"

"Ai kina wurin, Umma, kin ji."

"Ni da duk matan unguwa muka ji. Kin kunyata tsohuwa."

"Amma gaskiya na faɗa!"

Umma ta yafa mayafi ta shiga gidan Inna Azumi don ta ba da haƙuri. Ba ta jima ba ta dawo. Inna ta ce kada wanda ya ƙara yi mata maganar asibiti. Ta ce haƙori ne kawai yaron yake fitarwa. Idan ta kai shi, ai ta yarda ke nan da abin da aka faɗa a kanta. Umma ta ɗauki waya ta kira Gwaggo Mairama.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Yarinyar tana jin kukan Ikrima. Ba irin kukan yaro mai rigima ba ne. Siriri ne, kamar na ɗan kyanwa. Tsoro ya kama ta.

Washegari a makaranta ta kasa karatu. Malama Nasiha, malamar ajinsu, ta kira ta gefe.

"Yau bakinki ya mutu. Lafiya?"

Yarinyar ta kwashe labari ta faɗa mata. Ta ƙare da cewa, "Malama, ni fa gaskiya na faɗa."

"Ban ce ƙarya kika yi ba," in ji Malama. "Amma ki gaya mini. Gaskiyar taki ta kai yaron asibiti?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "A'a."

"Kafin ki yi magana, kakarsa za ta iya kai shi?"

"Za ta iya."

"Yanzu fa?"

Hawaye suka zubo mata. Sai yanzu ta gane. Ita ce ta rufe ƙofar da bakinta.

Da aka tashi, ba ta tsaya wasa ba. Ta wuce gidan Inna Azumi ta yi sallama. Inna ta leƙo, ta gan ta, ta ce, "Likita ce? Babu mara lafiya a nan." Ta saki labule.

Yarinyar ba ta tafi ba. Ta ga tulun Inna babu ruwa. Ta ɗauki bokiti ta je famfo ta cika shi. Ta share tsakar gida. Inna ba ta ce sannu ba, amma ba ta kore ta ba.

Da la'asar Gwaggo Mairama ta sauka daga motar Birnin Kudu. Yarinyar ta ɗauka za ta sha faɗa. Gwaggo kuwa tambayoyi ta yi mata.

"Wa yake ba Ikrima abinci?"

"Inna Azumi."

"Wa zai ce a kai shi asibiti a kai shi?"

"Inna Azumi."

"To me ya kai ki wurin Munawwara?"

"Ai ita ce uwarsa. Kuma ko kallonsa ba ta yi ba!"

Gwaggo ta girgiza kai. "Ikrima ɗan fari ne. Kin taɓa jin Ummanki ta kira sunan yayanku babba? Kunya ce. Uwa ba ta nuna damuwa da ɗan farinta a gaban mutane, balle a gaban surukarta. Kina tsammani ba ta ga ramarsa ba? Tun a waya Ummanki ta ce mini da kuka Munawwara ta koma Dingaya."



"Ɗiyata," in ji Gwaggo, "koyon ma'auni ba wuya, ke ma kin gani. Abin da na daɗe ina koya shi ne mutane. Kafin mu shiga kowane ƙauye, sai mun san wa ake jin maganarsa, me suke jin kunya, yaushe suke gona. Idan ba haka ba, sai mu je da mota cike da magani mu tarar babu kowa."

"Gwaggo, yanzu yaya za a yi? Kin ce ja ba ya jira."

"Ba ya jira. Tashi mu je."

Yarinyar ta miƙe. Sai ta ce, "Gwaggo, ki bar ni in fara magana. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Suka shiga da sallama. Inna Azumi ta shimfiɗa wa Gwaggo tabarma, fuskarta babu fara'a. Gwaggo ta gaishe ta a natse. Ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi ciwon ƙafa. Ba ta ambaci tamowa ba.

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ki yafe mini. Na yi miki rashin kunya a cikin mutane. Na ce ba kya ba shi abinci, alhali ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

Inna ta dube ta.  Can ta ce, "Da kin tambaya, da kin ji. Kunu nake dama masa, ya ture. In yi masa fate, ya tofar. Ga zawo ya ƙi tsayawa. Tun da aka kawo shi ban yi barcin kirki ba."

"Sannu, Inna," in ji Gwaggo. "Kin yi ƙoƙari. Haka yaye yake yi wa wasu yara. Ga kewar nono, ga zawo yana wanke ɗan abin da suka ci. Ko a gidan da abinci ya yi yawa ana samun haka. Ba laifin mai reno ba ne."

Fuskar Inna ta ɗan saki.

Yarinyar ta ciro ma'aunin. Ba ta je kusa da Ikrima ba. Da hannu biyu ta miƙa wa Inna.

"Inna, ni yarinya ce, wataƙila ban auna daidai ba. Ke ki auna angonki da kanki."

Inna ta karɓa tana juya shi. "Yaya ake yi da abin naku?"

Gwaggo ta nuna mata. Inna ta ɗora Ikrima a cinya, ta naɗa ma'aunin a damtsensa, ta ja a hankali. Ta kawo idonta kusa. Babu wanda ya ce mata komai. Da idonta ta ga ja.

Ta dubi yaron. Ta shafa kansa.

"Haba angona," ta ce. Sai ta juya wurin yarinyar. "Ke, ɗauko mini mayafina a kan gado."

A ranar aka kai Ikrima asibitin gari. Aka ba shi maganin zawo. Aka ba Inna wani abinci mai kama da kwaɓin gyaɗa a cikin 'yan ledoji, aka ce ta riƙa dawowa da shi kowane mako. Aka koya mata haɗa garin kunu da gero da waken suya da gyaɗa.

Kullum bayan makaranta yarinyar tana gidan Inna. Ita ke daka, ita ke tankaɗe. Idan Ikrima ya ƙi ci, ta yi masa waƙa har ya buɗe baki. Ma'aunin kuwa yana hannun Inna, ta ƙi mayarwa.

Ja ya koma rawaya. Bayan wasu makonni, wata rana yarinyar tana wanke-wanke sai ta ji Inna ta ƙwala kira ta katanga.

"Ke likita! Zo ki gani! Kore ne!"

Ta ruga da kumfa a hannu. Ga Ikrima yana bin kaji da gudu a tsakar gida, kumatunsa sun ciko.

Ranar kasuwa Munawwara ta zo daga Dingaya. Ta gaishe da surukarta. Ikrima ya zo ya riƙe mata zane, ta yi kamar ba ta gan shi ba. Amma wannan karon yarinyar ta lura. Ta ga idonta yana bin yaron duk inda ya yi.

Da za ta tafi, Munawwara ta ja yarinyar zaure, inda babu kowa. Ta danƙa mata ƙullin dafaffiyar gyaɗa.

"Na gode," ta ce a hankali, "da abin da kika yi wa yaron Inna."

"Anti, ki yafe mini maganar da na faɗa miki."

"Ya wuce." Ta goge ido da gefen mayafi ta fita.

Da Gwaggo ta sake zuwa, yarinyar ta tambaye ta, "Me zan yi in kai inda kika kai?"

"Ki gama sakandare da sakamako mai kyau. Lokacin hutu ki riƙa taimakawa a asibitin gari, ko da jera mata a layi ne. Ni ma da aikin sa kai na fara. Daga nan sai jami'a. Hanyar tana da tsawo."

"Zan bi ta, in sha Allahu."

"Na yarda. To me kika koya?"

Yarinyar ta ce, "Na koyi cewa faɗin gaskiya kawai bai isa ba. Mai son taimakon mutane sai ya fara tambaya, ya saurara, ya kuma kare mutuncinsu. Idan ka kunyata mutum, ba zai karɓi taimakonka ba."

Gwaggo ta yi murmushi. Kafin ta yi magana, sai ga Inna Azumi ta yi sallama, ma'auni a hannunta.

"Mairama, akwai wata jikar ƙawata a Fagam, ban ji daɗin ganinta ba. Gobe zan je." Ta nuna yarinyar da baki. "Da wannan za mu tafi. Amma ni zan yi magana."

"Ke za ki yi, Inna," in ji yarinyar. "Ni zan riƙe miki jaka, in saurara."