Yadda Gero Ya Kashe Mini Kasuwa

Yara, ku taya ni kuka! Tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar mutumin kirki kamar ni ba.

A wani gari, a wani zamani, ni ne mai sayar da irin maiwa. Sai damina ta riƙa gajarcewa, ruwa yana ɗaukewa kafin maiwa ta nuna. Yunwa ta leƙo gari. Wata tsohuwa ta ce, "Mu koma gero mana, shi da ke nuna da wuri."

Dattawa suka ce, "Maiwa muka gada, maiwa za mu shuka."

Na ce, "Maiwa kuka gada, maiwa za ku saya!"

Suka saya, suka shuka. Ruwa ya ɗauke, maiwa ta bushe a tsaye, amma a tsakaninta sai ga zangarniyar gero cike da tsaba. Gari ya tsira. Dattawa suka ce, "Iya, kin yi gaskiya." Yanzu ga nawa rumbun cike da irin maiwa, babu mai ko tayawa.

Wa ya cakuɗa gero cikin irin? Ni ne, don ya fi araha, mudu kuma ya cika. Amma har yau ko goron godiya ba a kawo mini ba!