Bishiyar da Ta Sha Madara

A wata unguwa ta Garwa akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta. Tana da wayo, tana da baki, amma ba ta son aikin da ake jira. In aka sa ta dafa ruwa, sai ta tsaya tana yi wa tukunya faɗa don ba ta tafasa da wuri ba.

A bayan gidansu akwai wata bishiya da ake kira rolinya. 'Yar'uwar gwandar masar ce, sai dai ba a saba ganinta a Garwa ba. Tonton Laurent, abokin Babanta mai tuƙa babbar mota, shi ya kawo irin daga kudu. Ya ce 'ya'yanta suna da daɗi kamar an haɗa madara da lemo.

Auta ce ta shuka ta da hannunta. Shekara huɗu tana ba ta ruwa, har a watannin zafi da ruwan famfo yake fitowa kamar za a haɗa shayi. Tana son bishiyar nan ƙwarai. Amma bishiya fure kawai take yi, furen ya bushe ya faɗi.

Da farkon damina Baba ya sayi sabon moto, wato babur. Ran nan ya zagaya bayan gida, ya riƙe ƙugu, ya dubi bishiyar.

"Shekara huɗu tana shan ruwana, ko ɗa ɗaya ba ta ba ni ba," in ji shi. "In bana ma haka ne, zan sare ta in kafa wa moto rumfa."

"Baba, don Allah ka bar ta."

"Na bar ta, Auta. Zuwa ƙarshen damina."

Auta ta kasa cin abincin rana. Da yamma ta tafi wajen Madam Pélagie, malamarsu ta lekol, wato makarantar boko, wadda gidanta yake jikin nasu. Madam ta saurare ta, ta ɗauko wani ɗan buroshi mai laushi da 'yar kwalba, suka dawo tare.

Furen rolinya yana da kunne uku, kamar 'yar ƙaramar fanka. Madam ta kama ɗaya a hankali.

"Dubi nan. Ranar da fure ya fara buɗe baki, jiran garin wani fure yake yi. Washegari da yamma sai ya saki nasa garin, amma a lokacin ya daina karɓa. A ƙasar da bishiyar nan ta fito, akwai ƙananan ƙwari masu ɗaukar gari daga wannan fure su kai wa wancan. A nan ba su da yawa. Don haka ke za ki zama ƙwaron."

"Ni ce ƙwaro, Madam?"

"Ke ce. Ƙwaro mai ɗankwali."

Suka fara aiki. Madam tana riƙe kwalba a ƙarƙashin tsohon fure, Auta tana karkaɗo garin da buroshi. Suka daɗe suna yi har wuyan Auta ya gaji. Da ta leƙa kwalbar, garin bai kai tsinken gishiri ba.

"Duk wahalar nan, ɗan wannan?"

"Ya isa. Rufe shi, kada ki buɗe sai kin zo gindin bishiya. Gobe da sassafe ki nemi sababbin furanni, ki shafa musu a ciki. Duk wanda kika yi wa, ki ɗaura masa jan zare. Da yamma ki sake tara wani garin. Ni zan tafi Lagdo duba mahaifiyata, sai bayan mako guda."

"To, Madam. Na gode."

Da gari ya waye, Inna tana daka barkono a tsakar gida. Auta ta zo wucewa da kwalbarta. Sai zuciyarta ta ce mata ta leƙa, wataƙila garin ya ƙaru cikin dare. Ta buɗe murfi, ta kai hanci kusa. Barkono ya shigar mata.

Atishawa ɗaya ta yi. Da ta buɗe ido, kwalba fes, kamar an wanke ta.

Ta duba ƙasa, ta duba zanenta, ta duba har cikin takalmi. Babu komai. Ta tuna wani garin ba zai samu ba sai yamma, ga kuma ciwon wuya.

A nan ne idonta ya faɗa kan gwangwanin madarar gari da Inna take haɗa shayi da shi. Launinsu ɗaya da garin fure. Laushinsu ma ɗaya.

"Ai Tonton Laurent ya ce ɗanɗanon madara gare ta," in ji Auta a ranta. "To ga madarar na kawo mata har gida. Lemon kuma ta nema da kanta."

Ta cika kwalba taf. Ta bi furanni tana cusa musu madara, tana ɗaura jan zare. Kafin lokacin tafiya lekol ta yi wa goma sha biyu. Aikin ya yi mata sauƙi har ta fara tausayin Madam da ba ta san wannan dabara ba.

Da yamma ba ta tara garin fure ba. Me za ta yi da shi? Washegari ta koma wajen gwangwani, jibi ma haka. Bishiya ta cika da jan zare kamar za a yi mata biki.

A rana ta huɗu Inna ta girgiza gwangwanin, ta dubi Baba.

"Malam, cokali nawa kake zubawa a shayi?"

"Biyu, kamar kullum."

"Biyu na wane irin cokali? Na tuƙa tuwo?"

"Mairamu, ni da gemuna zan saci madara?"

Auta ta sunkuyar da kai cikin kofinta. Ta ji kunya, amma ta yi shiru.

Su kuwa kiyashi sun riga sun ji labari. Suka zo da 'ya'yansu da maƙwabtansu, suka yi layi daga ƙasa har kan rassa. Cinnaka ma suka biyo baya. Furanni suka fara baƙi, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya da jan zarensu.

Ranar Juma'a Baba ya sa farar babbar rigarsa. Kafin ya tafi masallaci ya ce bari ya ga aikin Auta. Ya tsaya a gindin bishiya, ya jawo reshe don ya duba da kyau. Cinnaka suka zubo masa a wuya.

Auta ba ta taɓa ganin Baba yana rawa ba sai ranar. Ya yi tsalle, ya jefar da hula, ya juya sau uku yana dukan bayansa. Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa su ma.

Da ya dawo daga masallaci bai ko zauna ba. Ya shiga ɗaki, ya fito da gatari.

"Bishiyar da ba ta ba da 'ya'ya, sai cinnaka, ba zan jira mata ƙarshen damina ba. Ciwo gare ta."

Auta ta ga ya nufi bayan gida da gaske. Ta tuna bokitan ruwan da ta ɗauka shekara huɗu. Ta ruga ta tsaya tsakaninsa da bishiyar, hawaye yana zubo mata.

"Baba, ba ta da ciwo. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Garin furen ya zube, na ji tsoron faɗa. Sai na sa mata madarar Inna."

Baba ya sauke gatari. Ya dube ta, ya dubi bishiyar, ya juya ya dubi Inna.

"Kin ji, Mairamu? Cokalin tuƙa tuwo."

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Inna. Ta juyo wajen Auta, fuskarta babu dariya yanzu. "Kina zaune na ɗora wa mahaifinki laifi, kika yi shiru?"

Wannan maganar ta fi cizon cinnaka zafi. Auta ta durƙusa ta ba su haƙuri su biyun.

Baba ya ce wa Auta, "Da kin faɗa tun ranar farko, furen kwana ɗaya kawai za a rasa. Yanzu dubi ƙasa. Amma tunda kin faɗi gaskiya da bakinki, gatari zai koma ɗaki. Ke kuma, tunda kin ba bishiya rabonki, babu ke babu madara a shayi sai ranar da ta ba mu ɗa."

Washegari Madam Pélagie ta dawo daga Lagdo. Auta ta gaya mata komai, ba ta rage ko atishawar ba. Madam ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Bayan nan ta tashi suka wanke rassan da ruwa, suka zuba toka a gindin bishiyar saboda kiyashi. Madam ta ƙirga furannin da ba su buɗe ba tukuna.

"Tara suka rage. In suka faɗi, sai baɗi."

"Baɗi moto ne zai kasance a nan, Madam."

"To kin san abin da za ki yi."

Auta ta yi. Kowace yamma tana tsaye da kwalba, wuya yana ciwo, ba ta yi ƙorafi ba. Kowace safiya tana shafa garin a hankali, ta ɗaura zare. In Inna tana daka barkono, sai ta zagaya ta bayan ɗaki da hannu a kan murfi.

Shida suka faɗi. Kullum ta tsinci ɗaya a ƙasa sai ranta ya ɓaci. Amma uku suka ƙi faɗuwa. Kunnuwansu suka zube, wani ɗan abu kore ya bayyana, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Wata huɗu Auta tana shan baƙin shayi tana kallonsu suna girma. Ta yi wa tukunya faɗa a da, amma waɗannan ba ta yi musu ba. Daga ƙarshe suka zama rawaya, suka yi laushi, kowanne ya cika tafin hannun Baba biyu.

Aka aika wa Madam ɗaya. Aka ajiye wa Tonton Laurent ɗaya. Na ukun Inna ta raba shi a faranti, farin naman cikinsa yana ƙamshi.

Baba ya ɗauki cokali ya ɗanɗana. Ya sake ɗiba, ya sake, har Inna ta janye farantin.

"Baba, rumfar moto fa?" in ji Auta.

"Wane moto? Ai zaure ya ishe shi." Ya lashe cokali. "Baɗi ki koya mini aikin ƙwaron nan."

Da safe Inna ta zuba wa Auta madara cokali biyu a shayi, sannan ta ɗaga gwangwanin ta ɗora can saman kabad.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa aiki ba ya son ha'inci, kuma in ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri tun ana iya gyarawa.