Bargon da Khalidu Ya Saƙa

"Saƙa? Ni?" Khalidu ya ture ƙunshin zaren ulun da matarsa Barakatu ta ɗora masa a cinya. "Ƙafafu sun mutu, shi ne za ki maida ni mace?"

"Haba maigida! Hannuwanka lahiyarsu lau. Zaren na da kauri, ba shi da wuya ga ɗan koyo."

Tun ranar da kamiyon albasa, babbar motar da yake tuƙawa, ya kife a hanyar Kandi, Khalidu bai sake takawa ba. Wuni yake a tabarma yana kallon bango. Shi ya sa Barakatu ta koyi saƙa wurin wata maƙwabciya, ta sayo tsinkaye biyu a kasuwar Malanville.

Da ƙyar ya karɓa. Ya saƙa, ya yi rami, ya warware, ya sake. Ranar da ya kai ƙarshen layi ba kuskure, ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ba.

Ana cikin haka mahaifinta, Malam Na-Allah, ya iso kan moto, wato babur, daga garinsu Garou.

"Tattara kayanki! Ban haihe ki don ki ƙare ƙuruciyarki kina ɗaukar namiji zuwa makewayi ba."

"Baba, don Allah—"

"Ki tahi," in ji Khalidu, kansa a sunkuye. "Baba na da gaskiya."

Ta durƙusa tana kuka har muryarta ta dishe, amma ba ta yi wa mahaifinta musu ba. Ta hau moton tana waiwaye.

A Garou ta shiga aikin shinkafa ba ƙorafi. Sai dai abinci ya ƙi ciyuwa, ta rame, ga tari ya kama ta da sanyi ya shigo. Khalidu kuwa, daga shi sai tsohuwarsa. Ya ci gaba da saƙa, wani lokaci hawaye na hana shi ganin zaren.

Wata safiya Na-Allah ya dawo neman saki. Ya tarar an ninke wani bargo mai nauyi a gefen tabarma, gefe guda ya fi ɗayan faɗi.

"Baba, in kun ce in sake ta, zan sake ta," in ji Khalidu. "Amma ku kai mata wanga. An ce mini tana tari, kuma bakin kogi da sanyi. Bai yi kyau ba, shi ne na farko."

Tsohon ya ɗaga bargon, ya dubi yatsun surukinsa da suka yi kanta. Ya ɗaure bargon a bayan moto ya tafi.

Washegari sai ga shi da Barakatu.

"Na zo raba ku, Allah bai yarda ba," ya ce yana share ido da bakin rawani. "Ku gahurce ni, ɗiyana."

Khalidu bai taɓa miƙewa ba har yau. Amma shi da Barakatu suna saƙa barguna da hulunan jarirai, har daga Gaya, can ƙetaren kogi, ake tsallako gada a saya.

Iyaye, ku duba zuciyar wanda ke son ɗiyarku kafin ku duba jikinsa. Ku kuma matasa, haƙuri da biyayya ba su taɓa kashe soyayyar gaskiya ba.