Buhun Da Ba A Kwance Ba

"Wannan abin ba zai kwana gidan yayana ba," in ji Gwaggo Adama, tana nuna ƙwaryar da ke gaban Baraka da bakin mafici.

'Yar kyanwa ce baƙa wuluk ke lasar nono a ciki. Baraka da ƙawarta Zulaihatu suka tsinto ta a tashar Ƙanƙara, kan hanyarsu ta dawowa hutu daga makarantar kwana. Yara ne suka tsare ta gindin katanga suna jifa da hoge. Zulaihatu ta fatattake su, Baraka ta naɗe ta a ɗankwali har Faskari.

"Gwaggo, mussa ce fa, ba kura ba."

"Baƙar mussa, tsintar tasha? Kin san ko wa ya rikiɗa? Dama na faɗa, ɗiyar da aka kai boko ba ta dawowa ita kaɗai."

"Ba a bokon na ji cewa wata mata ta shiga wuta saboda mussa ba. A zauren Baba na ji."

"Ni za ki karanta wa hadisi, marar kunya? To ji nan: ko ta bar gidan nan, ko ɗana Zailani ya bar zancenki."

Baraka ta cije leɓe. Baba ya tafi Sabuwa ta'aziyya, Inna kuwa ba ta ɗaga ido gaban ƙanwar mijinta. Kuma duk Faskari an san Gwaggo ba ta taɓa son ɗanta ya auri 'yar boko ba. Hanya take nema, ga ta ta samu.

Da la'asar Zailani ya yi sallama a zaure, da buhu a kafaɗa.

"Taubashiyata, kin tayar mini da gari."

"Uwarka ta tayar, Yaya Zailani."

"Haba hasken idona... a kan mussa za mu rasa juna? Kawo ta. Iya Alheri ta Mairuwa ɓeraye sun cinye mata rumbu, hannu biyu za ta karɓa."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi ne ya tsaya mata ranar da dangi suka ce a cire ta daga makaranta. Ta ɗauko kyanwar, ta sa a buhun da kanta. Ya ɗaure bakin, kamar yadda ake yi don kada kyanwa ta gane hanya ta dawo.

"Da ka isa ka kwance ta. Ba ta son duhu."

"Ki ɗauka an yi."

Washegari kasuwa ta ci. Sai ga Iya Alheri da kwandon daddawarta ta shigo shan ruwa. Baraka ta durƙusa ta gaishe ta.

"Iya, ya baƙuwarki ta kwana?"

"Wace baƙuwa, ɗiyata?"

Baraka ba ta ƙara tambaya ba. Ta yafa mayafi, ta biya wa Zulaihatu, suka kama hanyar Mairuwa cikin rana. Mata na nuna su da baki, wai 'yan boko sun fita neman mayya. Baraka ba ta waiga ba. Ƙaya ta yage mata zane, ba ta tsaya ba.

Bayan gari kaɗan, gindin wani kalgo, Zulaihatu ta riƙe mata hannu.

"Saurara..."

Kuka ne siriri kamar zare. Buhun na nan yashe, ɗaurin jiya bai motsa ba, cinnaku sun yi masa layi. Baraka ta sa haƙori ta tsinke igiyar. Kyanwar ta fito tana tangaɗi, ta lafe a tafin hannunta. Suka ɗiga mata ruwa da bakin mayafi har ta buɗe ido.

Da yamma Iya Alheri ta tafi da kyanwar cikin kwandon daddawa, tana cewa, "Baƙi ai ba laifi ba ne, ni ma ga ni."

Zailani ya zo bayan ta wuce. Baraka ta fito da buhun, bakinsa a ɗaure tam.

"Mene ne wannan?"

"Turarenka, da awarwaro, da ɗankwalin Sallah."

Ya sunkuyar da kai. "Innata ce ta rantse, in na kwance ba ta yafe mini nononta ba. Uwa ce, Baraka... ya zan yi?"

"Da ka zo ka ce ba za ka iya ba, da na ga girmanka. Da ka yar da ita ka kwance, da na ce tsoro ne. Amma ka dubi idona ka ce an yi."

"A kan dabba za ki rabu da ni?"

"Ni ma baƙar mussa ce a wurin Gwaggo. Ranar da ta ce ka ɗaure ni, wa zai bi hanya ya kwance?"

"Wallahi ina son ki."

"Na sani. Ni ma haka. Shi ya sa nake kuka."

Hawayen na zuba, ba ta share ba, ba ta kuma sauke kai ba. Ta ajiye buhun a gabansa.

"Ka kai wa Gwaggo. In ta ba ka izini, sai ka kwance."