Fentin da Ya Tona Asiri

Da hannu ɗaya take wanke tukwane, domin tartsatsin walda ya ƙona ɗayan, ya kumbura. Matar Baffa ta tsaya a kanta tana dariya. "'Yar Walda, mace da ƙarfe! In kin gama ki share tsakar gida, kwalejin ba za ta gudu ba."

Ta ci gaba da wanke tukwanenta. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinta, mai walda, kuma tun ranar sadakar uku Baffa ya sa wa shagonsa kwado. Da dangi suka matsa masa sai ya ce a gabansu, "Wanda ya kawo takardar shaidar walda, tsakaninta da ɗana, shi ne mai shago." Ya tura ɗan nasa, wanda ake kira Ɗan Gayu, kwalejin koyon sana'a a kan babur. Ita kuwa a ƙasa take zuwa, cikinta babu komai, da tsohon gilashin walda na mahaifinta mai tsaga. Allah sarki marainiya!

Ranar jarrabawar ƙarshe kowa ya haɗa ƙarfe biyu, ya buga lambarsa a jiki, ya ajiye a kan tebur. Bayan kwana uku aka kafa sakamako: ta faɗi, Ɗan Gayu ya zo na ɗaya. Aka miƙo mata wani ƙarfe mai ramuka, walda kamar kashin kaji, ga lambarta a jiki.

"Wallahi Malam ba aikina ba ne..." ta ce wa malamin da ya miƙo mata, sannan ta juya ga Ɗan Gayu. "Yaya, ka ji tsoron Allah!"

"Kuka ba ya haɗa ƙarfe, ƙanwata," in ji Ɗan Gayu yana gyara agogo.

Ta durƙusa a bayan injin walda, hawaye na sauka a kan ƙunar hannunta. "Ya Allah, Kai ka ga komai..."

Wani dattijon malamin walda na kwalejin ba ya cikin masu ba da maki, amma ya ce a ba shi ƙarfen da ya yi na ɗaya. Ya juya shi sau ɗaya.

"Wa ya shafa wa wannan fenti?"

"Ni ne, Malam, don ya yi kyau," in ji Ɗan Gayu.

"Shekara biyu ina faɗa, ba a yi wa ƙarfen jarrabawa fenti. Mai ɓoye aibi ke yin fenti."

Ya kankare. Ga kwarmin injin goge ƙarfe inda aka share lamba aka buga wata! Ya kunna inji biyu a gaban hukuma da ɗalibai. "Ku yi mu gani."

Sandar waldar Ɗan Gayu ta manne a jikin ƙarfe sau huɗu, zufa ta jiƙa masa riga. Ita kuwa ta yi bisimilla, ta ja layi sumul, irin na ƙarfen da aka kankare sak. Aka kori Ɗan Gayu nan take, ya tura babur ɗinsa ya fita ba mai kallonsa.

Dangi suka taru, Baffa ya ajiye mabuɗi kansa a sunkuye. Ta ɗauka tana kuka tana "Alhamdulillahi".

Washegari ta je gode wa dattijon malamin, ta durƙusa a gabansa.

"Tashi, 'yata," ya ce, ya miƙa mata sabon gilashi. "Ubanki ne ya fara riƙa mini hannu a walda. Je ki buɗe shago, rana na yi."